Motar da Ta Ƙi Jin Totur Bayan An Sa Mata Sabon Bakin Injekta

Akwai wata matsala da ta zama ruwan dare a garejojin ƙasar Maradi tun da motoci masu ƙwaƙwalwa suka fara maye gurbin tsofaffin. Mota tana cikin tafiya lafiya lau, sai wutar gargaɗi ta kama a gaban direba, ƙarfin inji ya zube nan take. A taka totur har ƙasa, ba ta amsawa. Inji bai mutu ba, yana kaɗawa, amma sai jan ciki motar take yi. Direba ya gangara gefe ya kashe, ya ɗan jira, ya tayar, ta dawo garau. Bayan 'yan kilomitoci ta sake. Mai jigilar fasinja da buhunan gero da aya tsakanin Sae Sabuwa da Maradi, ko mai bin kwalta daga Gidan Rumji ta Tsibiri har Aguie da Gazawa, ya san abin da hakan ke nufi: ranar kasuwa ta tafi a banza.

Abin da ya fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya shi ne abin da ke biyo baya. Bakanike ya duba ya ce bakin injekta ne, wato maƙogwaron da iska ke bi ta shiga inji, wanda masu aiki da Faransanci ke ce wa papiyon. A aika Maradi, ko Katsina, ko Ƙofar Ruwa a Kano, a kawo sabo fil a kwalinsa. A ɗaura. Wani sa'in daga murɗa makulli na farko wutar za ta dawo. Wani sa'in sai an kwana biyu ana murna. Daga nan zargi ya tashi. Mai mota ya ɗora wa bakanike, bakanike ya ɗora wa mai kanti, mai kanti ya ce kayansa ƙalau suke, kuma kayan wuta in sun fita daga kanti ba sa dawowa. A ganina kowane ɗaya cikin ukun nan yana iya zama mai gaskiya. Kuskuren da aka yi shi ne ba a tambayi wadda ta fi kowa sanin abin da ya faru ba, wato motar kanta, alhali ta rubuta dalilinta ta ajiye tun lokacin da ta fara rage ƙarfi.

A zamanin Peugeot 504, wadda masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975 ta yi shekaru tana harhaɗawa, da ƙananan Toyota irin su Starlet na farko, waya ce ta ƙarfe ta haɗa ƙafar direba da bakin kafireto. Ka taka, ta ja, faifai ya buɗe, iska ta shiga. In ta tsinke a daji, direba ya ɗaura igiya ya ja da hannu har ya kai gari. A kan irin wannan mota aka gina kanikancin ƙasar nan, sana'a ta ido da kunne da hannu, kuma ba abin rainawa ba ce: ita ta riƙe motocin da masu ƙera su suka daɗe da mantawa da su. Sai dai a ƙarshen shekarun 1980 kamfanin BMW ya fitar da mota wadda babu wannan waya a cikinta, sauran kamfanoni suka bi sahu. Toyota ta sa wa Camry irin wannan totur daga ƙirar 2002, Corolla ta biyo bayan 'yan shekaru. Mu kuwa motar da aka ƙera a ƙasashen waje sai ta shekara goma ko goma sha biyar take iso mana, a da ta tashar Kwatano. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya ƙiyasta tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 da Turai da Amurka da Japan suka fitar tsakanin 2015 da 2018, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka aka kawo su. Abin da ya zama tsohon labari a garejojin Turai, yanzu ne yake kan ganiyarsa a namu.

Duk wanda bai taɓa ganin cikin bakin injekta na zamani ba, ya roƙi bakanike ya buɗe masa wani matacce. Gangar jikinsa alminiyam ce, da rami madauwari a tsakiya. Cikin ramin akwai faifai a kan sanda, shi ke buɗewa da rufewa. In aka ɓalle baƙin murfin roba na gefe, za a ga ɗan ƙaramin injin lantarki da bai kai dunƙulen hannun yaro ba, da haƙoran giya biyu ko uku, galibi na roba, da waya mai lanƙwasa da ke dawo da faifan wurin zamansa da zarar an sake shi. A ƙarshen sandar kuma akwai sansa, wadda ke faɗa wa ƙwaƙwalwa inda faifan yake. A yawancinsu soket ɗin ƙafa 6 ne: biyu na ɗan injin, ɗaya mai kawo wuta folt 5, ɗaya ta komawa ƙasa, biyu na saƙo. Saƙon biyu ne saboda sansar biyu ce a haɗe. Haka ma a ƙarƙashin ƙafar direba, totur ɗin ba ya jan komai, sansa biyu ce a jikinsa tana aika wa ƙwaƙwalwa yadda aka taka. Ita ƙwaƙwalwar ce ke yanke nawa za a buɗe, ta umarci ɗan injin, sannan ta duba ko an bi umarninta.

Wannan biyu-biyun shi ne zuciyar maganar. Shaidu biyu ne a gaban alƙali. In bakinsu ya zo ɗaya, a zartar da hukunci. In ɗaya ya ce faifai a buɗe yake rabi, ɗayan ya ce a rufe yake, alƙali ba shi da hanyar sanin mai gaskiya, don haka sai ya dakatar da shari'ar. A wasu motoci, musamman masu kayan Bosch, saƙo ɗaya yana hawa ne yayin da ɗayan ke sauka, jimlarsu kullum tana kusa da folt 5. A Toyota duka biyun hawa suke yi, amma da tazara sananniya a tsakaninsu. Ko ta wace hanya, ƙwaƙwalwa tana kwatanta su sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, kuma saɓanin da bai kai ƙiftawar ido ba ya isa ta janye amincewarta.

Abin da take yi daga nan ya danganta da girman shakkun. In sansa ɗaya ce ta ɓata, ɗayar tana aiki, wasu motoci sukan bar direba ya ci gaba da ƙaramin ƙarfi. In abin ya yi tsanani, sai ta yanke wa ɗan injin wuta ɗungurungum. A Toyota, wayar nan mai lanƙwasa takan mayar da faifan ya tsaya a buɗe kaɗan, wajen digiri 6 ko 7, sannan ƙwaƙwalwa ta riƙa sarrafa ɗan ƙarfin da ya rage ta hanyar rage mai da jinkirta wutar fulogi, yadda mota za ta iya rarrafawa ta sauka daga titi. Volkswagen takan kunna wuta mai haruffan EPC, Ford takan nuna hoton sifana, motocin Chrysler su nuna jar walƙiya. Duk abu ɗaya suke faɗa. Wannan hali ba shi ne ciwon ba. Kariya ce da aka gina da gangan, kuma akwai dalilin da ya sa aka tsananta ta. A watan Agustan 2009 wata Lexus ta kwasa da gudu kusa da San Diego a Amurka, mutum huɗu 'yan gida ɗaya suka rasu. Tabarmar ƙasa ce ta danne totur. Toyota, mai ƙera Lexus, ta janye miliyoyin motoci a 2009 da 2010. Binciken da injiniyoyin NASA suka yi wa gwamnatin Amurka, wanda aka fitar a Fabrairun 2011, bai gano laifin lantarki da zai sa mota ta kwasa haka ba, amma a 2013 wata kotu a Oklahoma ta kama kamfanin da laifi kan wata Camry ƙirar 2005, kuma a 2014 ya amince ya biya tarar dala biliyan 1.2 saboda ɓoye wa jama'a gaskiya kan tabarmi da totur mai maƙalewa. Injiniyan da ya san wannan tarihi zai gwammace mota ta tsaya sau ɗari a kan ƙaramin zato da ta buɗe baki sau ɗaya ba da izinin direba ba. Ni ma shi na zaɓa, ko da ina tausaya wa wanda abin ya kama a tsakiyar rairayi da zafin watan Afrilu.

To, me ya sa sabon kaya yake jawo wannan hukunci? Da farko, abin da ake kira sabo a kasuwa ba iri ɗaya ba ne. Akwai na kamfanin motar a kwalinsa, mai tsada, wanda da wuya a same shi a kusa. Akwai na masana'antun da dama su ke ƙera wa kamfanonin mota, irin su Denso, Aisan, Bosch, Hitachi da Magneti Marelli. In dai na gaske ne, bai da bambanci da na asali. Akwai ɗan Kwatano, wanda aka ciro daga motar da ta yi hatsari ko aka yanka. Sai kuma wanda ya fi yawa, marar suna ko mai sunan aro, wanda aka kwaikwayi siffarsa aka bar cikinsa yadda ta yiwu. Ba ina cewa duk abin da ya fito daga Caina jabu ba ne. Akwai masu kyau ƙwarai, kuma manyan kamfanonin ma suna da masana'antu a can. Matsalar ita ce mai saye a Maradi ba shi da hanyar bambancewa da ido, domin kwalin jabun ya fi na gaskiyar sheƙi wani lokaci.

Kwaikwayon gangar jiki abu ne mai sauƙi. Abin da ke da wuya shi ne a dace da awon da ƙwaƙwalwa ta sani. In sansar sabon tana ba da saƙo da ya ɗan haura ko ya gaza abin da aka rubuta wa ƙwaƙwalwa a matsayin rufe, an samu saɓani tun kafin a tayar da inji. In wayar da ke dawo da faifai ta yi tauri ko ta yi laushi, faifan zai makara wajen isa inda aka aike shi, ko wajen dawowa, kuma motoci da yawa suna gwada wannan duk sanda aka buɗe makulli. Shi ne ɗan ƙaran da ake ji a gaban mota kafin a yi kik. In haƙoran giya suna da lilo, faifan zai riƙa wuce gona da iri yana dawowa. Akwai kuma wanda ke aiki daidai da sanyin safiya, sai inji ya ɗauki zafi saƙonsa ya fara zamewa. Irin wannan ne ke yin kwana biyu lafiya sannan ya tona asirin kansa a kan hanya mai nisa.

Sau da yawa kuma kayan ba jabu ba ne, ba na motar ba ne kawai. Ramukan kusoshi sun dace, soket ya shiga, sai a ce ai shi ne. Amma mota ɗaya mai suna ɗaya tana iya zuwa da bakin injekta daban a ƙirar Turai, da ta Amurka, da ta ƙasashen Larabawa, kuma duka ukun suna yawo a titunanmu. Toyota ma a tsakiyar shekarun 2000 ta sauya sansar Camry daga mai gugar jiki, wadda ke cinyewa da tsufa, zuwa mai aiki da maganaɗisu, kuma ba a musanya ɗaya da ɗaya. Lambar da ke jikin tsohon ita ce abin bi, ba siffarsa ba. A Amurka masu son ƙarin gudu sukan sayi bakin injekta mai faɗi su sa a madadin na asali, sai mota ta faɗa wannan hali, domin iskar da ake aunawa tana shiga ta fi wadda ƙwaƙwalwa ke tsammani a wannan buɗin. Mu nan ba gudu muke nema ba, amma muna faɗawa rami ɗaya ta wata ƙofa: a sauke injin da ya gaji, a ɗora wani daga wata mota da bakin injektarsa, a bar tsohuwar ƙwaƙwalwa tana ba da umarni ga kayan da ba ta sani ba.

Sai maganar koyo, wadda na ga an fi sakaci da ita. Ƙwaƙwalwar mota tana koyon bakin injektar da take zaune da shi. Shekaru suna tafiya, datti yana taruwa a gefen faifai, ramin iska yana tsukewa, ita kuma tana ƙara buɗi kaɗan-kaɗan don silo ya zauna. Ranar da aka sa sabo, ko aka wanke tsohon tas, ita ba ta san an yi ba. Sai ta ci gaba da buɗin da ta saba, inji ya riƙa kuka sama, silo ya ƙi sauka, wata motar ma ta ɗauki hakan a matsayin laifi ta rage ƙarfi. Dole a sanar da ita. Toyota da yawa sukan koya da kansu bayan an cire kan batir an bar inji ya yi zafi a silo, an ɗan zagaya da su. Volkswagen da Audi sai an haɗa kwamfuta an shiga tashar 060 an ba da umarni. Nissan na shekarun 2000 suna da tasu hanya ta ƙafa da agogo: inji da zafi, fitilu da na'urar sanyi a kashe, a buɗe makulli a jira daƙiƙa 3, a taka totur a saki sau 5 cikin daƙiƙa 5, a jira daƙiƙa 7, a taka a riƙe har wutar gargaɗi ta gama ƙiftawa ta tsaya cak, sannan a saki a tayar. Kuskuren daƙiƙa ɗaya sai a koma farko. Kaya nawa masu kyau aka mayar wa mai kanti da sunan jabu don kawai ba a yi wannan ba?

Mafi ciwo duka shi ne inda tun farko bakin injektar bai da laifi, an bar jaki ana dukan taiki. Duk tsarin nan a kan wuta mai tsabta yake tsaye. Batirin da ya gaji, wanda ke faɗuwa ƙasa sosai lokacin kik, yana iya ruɗa ƙwaƙwalwa. Lafiyayye yana nuna wajen folt 12.6 a kashe, ya haura 13.5 zuwa 14.5 in inji yana aiki. Kan batir da aka cusa wa ƙusa don ya kama, da wayar ƙasa da ta yi tsatsa tsakanin inji da jikin mota, duk suna iya jawo abin. A Toyota akwai fis na musamman mai rubutun ETCS. In ya ƙone, ɗan injin ba ya samun wuta, kuma ko bakin injekta goma aka canza ba abin da zai sauya. Sansar totur ta ƙarƙashin ƙafa tana lalacewa, ga ƙura ga ruwan wanki. Wutar folt 5 ɗin nan ma a motoci da yawa tarayya ake yi da ita tsakanin sansoshi da dama, don haka wata can daban in ta haɗe, sai ta ja kowa ƙasa. Sannan ga soket. A zare shi a haska cikinsa da fitilar waya: sau da yawa za a ga ƙafa ɗaya ta yi kore da tsatsa, ko bakinta ya buɗe saboda wani ya taɓa tura mata tsinken gwaji, ko ɗan maƙallin roba ya karye an naɗe shi da tsumman leda. A kan kwalta ba ya nuna komai. Da an hau hanyar ƙauye mai gargada sai ya riƙa sakewa yana kamawa, kuma sakewa ɗaya ta isa. In mota ba ta yin abin sai a kan gargada, ko bayan an wanke inji da ruwa mai ƙarfi, ni waya nake fara zargi kafin kowane kaya.

Ƙura kuwa tamu ce, ba mai raba mu da ita. Daga hunturu zuwa bazara iskar da inji ke shaƙa cike take da ita, matatar iska kuma busawa ake yi ana mayarwa har ta yage. Ƙurar da ta wuce takan haɗu da tururin baƙin mai da ke dawowa daga cikin inji ta zama baƙin danƙo a gefen faifai, har ya riƙa maƙalewa. Wanki yana maganin wannan, in an iya. A ciro shi, a goge ramin da tsumma mai laushi da ruwan wankinsa, a riƙe shi yadda ruwan ba zai gangara wajen ɗan injin da sansa ba. Kada a tsoma shi a kwanon fetur yadda ake yi wa kafireto, kada a kankare shi da sukudireba. Kada a sa yatsa a ramin makulli yana buɗe, domin ɗan injin nan yana da ƙarfin da zai ji wa yatsa ciwo. Ɗan kusan da ke tokare faifai kuma, wanda aka ɗiga wa fenti a masana'anta, ba na gyaran silo ba ne. Wanda ya murɗa shi ya ɓata awon da komai ke dogaro da shi.

Adalci ne a faɗa cewa na asalin ma yana mutuwa. Volvo na ƙirar 1999 zuwa 2002 sun yi ƙaurin suna da sansar da ke cinyewa, har kamfanin ya tsawaita garanti. Ford ma a 2014 ta tsawaita garantin bakin injekta a motoci wajen miliyan 1.6, irin su Fusion da Escape, zuwa shekara 10 ko mil 150,000, saboda datti da ke taruwa a mahaɗin wutar ɗan injin yana jefa su cikin wannan hali. Mota mai shekara goma sha biyar tana da haƙƙin kayanta su gaji. Abin da nake ƙi shi ne a yanke hukunci kafin a yi bincike.

Binciken kuma ba shi da tsadar da ake zato. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996, da mai fetur da aka sayar a Turai daga 2001, tana da soket mai ƙafa 16, galibi a ƙarƙashin sitiyari. Akwai 'yar na'ura da ake cusawa a ciki ta yi magana da wayar hannu, kuɗinta bai kai na cika tanki ba. Ba za ta yi duk aikin babbar kwamfuta ba, amma za ta karanto lambar laifi, kuma lambar tana rage rabin wahala. P2135 tana cewa sansoshin bakin injekta biyu sun saɓa. P2138 tana cewa na ƙarƙashin ƙafa ne suka saɓa, wanda ke nufin a bar gaban mota a leƙa ƙarƙashin sitiyari. P2111 da P2112 suna cewa faifai ya maƙale a buɗe ko a rufe. P2118 tana nuna wutar ɗan injin, a nan ne ake fara duba fis. P0507 silo ne ya yi sama, sai a nemi koyo ko iskar da ke satar hanya ta gaskit ko tiyo da ya tsage. Lambar ba ta cewa a sayi kaya. Tana nuna unguwar da za a nema ne kawai. Daga nan sai a buɗe makulli ba a tayar ba, a riƙa taka totur a hankali ana kallon saƙonnin biyu a fuskar waya. Lafiyayyu suna tafiya sumul. In ɗaya ya yi tsalle ko ya faɗi a wani wuri, an kama shi. In ba su yi ba, a kama damin wayoyin da hannu a girgiza, daga soket har inda suka shige jikin mota, ido yana kan awon. Wannan gwaji na minti biyar ya fi duk wani zato.

Abin takaici, sau da yawa aikin farko da ake yi wa motar shi ne a cire kan batir don wutar ta mutu. A motoci da dama hakan yana share lambar tare da bayanin da ƙwaƙwalwa ta ajiye na gudun mota da zafin inji a daidai lokacin da laifin ya faru. An kori shaida kafin a saurare shi. Kuma ba laifin bakanike kaɗai ba ne. Ya ce, “Alhaji, a bari mu kai ta Maradi a sa mata kwamfuta kafin mu sayi komai.” Amsar da yake samu ita ce, “Haba Malam, kai dai canza abin in kama hanya, gobe kasuwa.” Mai mota yana ganin kuɗin bincike asara ne tunda ba a ba shi komai a hannu ba, alhali kuɗin kaya yana ganin kwali. Muddin ba a biyan bakanike ladan ganowa sai ladan ɗaurawa, to canza kaya zai ci gaba da yi.

Akwai gyare-gyaren da nake roƙon a bari. Toshe wutar gargaɗi da baƙin salatif, ko cire ƙwanta, ba ya hana mota rage ƙarfi, sai dai ya hana direba sanin dalili. Tokare faifai da wani abu don ya zauna a buɗe ganganci ne da rayukan fasinja. Haɗa wayoyin saƙo biyu wuri ɗaya don su daina saɓani kuwa, ƙwaƙwalwa da yawa suna gane shi, wadda ba ta gane ba kuma an cire mata abin da take kare mutane da shi. Mayar da mota kafireto, wanda wasu ke yi in sun gaji, na fahimci dalilinsa: mutum yana son abin da za a iya gyara masa a Sae Sabuwa ba sai an ja mota zuwa birni ba. Amma garin neman gira ake rasa ido, domin mai zai ƙaru, ƙarfi ya ragu, motar da giyarta ke canza kanta kuma ta rikice, tunda ita ma da saƙon totur take aiki. Haɗarin wannan hali na rage ƙarfi ma ba ƙarami ba ne ga wanda ya saba da shi yana ta lallaɓawa. Ranar da ya kama mutum yana tsakiyar wuce babbar mota a kan hanyar Maradi zuwa Tasawa, ko da mara lafiya a baya ana neman asibiti, kashewa da tayarwa ba za su yi saurin da ake buƙata ba.

In bincike ya tabbatar kayan ne, shawarata ita ce ɗan Kwatano na asali mai lamba daidai ya fi sabo marar suna, in ba a samu na sanannen maƙeri daga hannun amintacce ba. Araha ba ta ado. Na san zaɓin ba kullum yake hannun mai saye ba: rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, da toshewar hanyar Kwatano ta Gaya, duk sun sa mutane sun ɗauki abin da suka samu. Duk da haka akwai abin da mutum zai iya yi wa kansa. Ya tafi da tsohon a hannu a gwada lamba da lamba, ƙafa da ƙafa. Ya yi magana da mai kanti a gaban shaida kan kwanakin gwaji kafin ya biya. Ya sa sabon gaskit. Kada ya bar wa yaran gareji tsohon, domin in wutar ta dawo, mayar da shi a ga ko lambar laifin ta sauya gwaji ne na kyauta: in lambar ba ta sauya ba da tsoho da sabo, to ciwon yana wani wuri.

Wurin ƙarshe da ake zargi shi ne ƙwaƙwalwar kanta, kuma ba kasafai take zama mai laifi ba. Amma yana faruwa, musamman in ɗan injin wani bakin injekta ya haɗe a ciki ya ja wuta fiye da kima, ko an juya kan batir, ko an yi walda a jikin mota ba a cire batir ba. Sai sashen da ke tura ɗan injin ya ƙone. Wanda ya kai nan, kafin ya ɗaura wata ƙwaƙwalwar, ya sa mai wayarin ya auna ƙafafu biyu na ɗan injin da wayoyinsu da mita, ya tabbatar ba su haɗe da juna ko da jikin mota ba. In ba haka ba, abin da ya ƙona ta farko yana nan yana jiran ta biyu, kuma a motoci da yawa sabuwar ƙwaƙwalwa ba za ta tayar da inji ba sai an daidaita ta da makulli.